Riƙe Bege Cikin Alkawuran Allah Sa'ad da Zuciya Ta Karaya: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai tambayoyin da mai bi kan yi a fili a wurin nazarin Littafi Mai Tsarki, akwai kuma waɗanda yakan yi da tsakar dare sa'ad da barci ya ƙi zuwa. Irin na biyun muka tattara a nan. An shirya amsoshin ne domin wanda ya gaji: mai jinyar da ta ƙi ƙarewa, wanda aiki ya kuɓuce masa, uwar da ta binne ɗanta, wanda ya yi shekaru yana roƙon abu guda. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ku karanta da Littafinku a buɗe, ku duba kowace aya da idonku.

Na karaya ƙwarai. Bangaskiyata ta mutu ke nan?

A'a. Karayar zuciya ta sami manyan bayin Allah, Littafi kuwa bai ɓoye mana ba.

Dubi annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Bai daɗe da tsayawa shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel ba, ya ga wuta ta sauko daga sama da idonsa. Amma da saƙon sarauniya Yezebel ya iso cewa za ta kashe shi, sai ya gudu har Biyer-sheba, ya nausa jeji tafiyar yini guda, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Manzo Bulus ya rubuta wa Korantiyawa cewa wahalar da ta same su a Asiya ta fi ƙarfinsu, har suka fid da rai za su rayu (2 Korantiyawa 1:8). Yahaya Maibaftisma, wanda ya nuna Yesu ya kira shi Ɗan Rago na Allah, shi ne daga kurkuku ya aika a tambayo masa ko Yesu ne mai zuwan nan, ko kuwa a sa ido ga wani. Yesu bai tsawata masa ba. Ya aika masa da amsa, sa'an nan ya juya ga taron jama'a ya ce cikin duk waɗanda mata suka haifa ba a yi wanda ya fi Yahaya ba (Matiyu 11:2-11).

Wanda bangaskiyarsa ta mutu ba ya damuwa da shirun Allah. Ciwon da kake ji saboda Allah ya yi maka kamar ya yi nisa, shi kansa shaida ne cewa har yanzu shi kake nema.

Ashe wannan begen ba lallashin kai ba ne kawai? Ai kowa ma yana cewa komai nisan dare gari zai waye.

Karin maganar tana da daɗin ji, tana kuma ƙarfafa mutum, amma ba ta faɗi wanda ya tsaya mata ba. Wanda likita ya gaya wa cewa ciwonsa ba ya warkewa zai iya tambaya: wane gari ne zai waye mini? Begen Kirista yana da wanda ya ɗauki lamuninsa, nan ne bambancin yake.

Marubucin Ibraniyawa ya ce da Allah ya yi wa Ibrahim alkawari, ya rantse da kansa, tun da babu wanda ya fi shi da zai rantse da shi. Abu biyu ke nan da ba sa sākewa, alkawarin da rantsuwar, kuma ba shi yiwuwa Allah ya yi ƙarya a cikinsu. Shi ya sa ya kira wannan bege anka ta rai, tabbatacciya, kafaffiya (Ibraniyawa 6:13-19). Anka ba ta hana teku hauka, jirgin take hana wa tafiya da igiyar ruwa.

Sai kuma abin da ya faru a tarihi. Bitrus ya ce an sāke haihuwarmu zuwa ga rayayyen bege ta wurin tashin Yesu Almasihu daga matattu (1 Bitrus 1:3). Bulus bai yi ɓoye-ɓoye ba: in Almasihu bai tashi ba, wa'azinmu banza ne, bangaskiyarku ma banza ce. Ya kuma lissafa waɗanda suka gan shi a raye, har da 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci guda, ya ce yawancinsu suna da rai sa'ad da yake rubutun (1 Korantiyawa 15). Wato a je a tambaye su. Mai lallashin kansa ba ya gayyatar bincike irin wannan.

To, mene ne takamaimai Allah ya yi alkawarinsa?

A ganina wannan ce tambayar da ta fi dukan sauran nauyi, domin da yawa daga cikin waɗanda suka ce Allah ya ba su kunya, in ka zauna ka saurare su da kyau, za ka tarar abin da suka riƙe ba shi ne ya faɗa ba. Wani ne ya faɗa da sunansa, ko kuwa zuciyarsu ce ta so abin har ta ɗauka an yi mata alkawari.

Ya yi alkawarin gafara ga wanda ya furta zunubansa (1 Yahaya 1:9). Ya ce ba zai taɓa barinka ko ya yashe ka ba (Ibraniyawa 13:5). Yesu ya ce yana tare da nasa kullayaumin har matuƙar zamani (Matiyu 28:20), ya kuma ce ba mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa (Yahaya 10:28). Ya yi alkawarin hikima ga wanda ya roƙa (Yakubu 1:5), da hutawa ga masu wahala da nauyin kaya in sun zo gare shi (Matiyu 11:28). Ya ce aikin kirkin da ya fara a cikinka zai kai shi ga kammala (Filibiyawa 1:6). Mutuwa ko rai, abin yanzu ko na nan gaba, ba abin da zai raba ka da ƙaunarsa (Romawa 8:38-39). A ƙarshe kuma akwai tashin matattu, da ranar da zai share dukan hawaye, ba sauran mutuwa ko makoki ko azaba (Wahayin Yahaya 21:4).

Bai ce kowane mai bi zai yi arziki ba. Bai ce kowace cuta za ta warke kafin kabari ba, ko kowane aure zai zauna lafiya, ko kowace mace za ta rungumi ɗa. Yana yin waɗannan abubuwa, sau da yawa ma, kuma daidai ne mu roƙe shi da dukan zuciya. Amma roƙo daban, alkawari daban. Akwai ma wani alkawarin da ba mu cika so a tuna mana ba: Yesu ya gaya wa almajiransa cewa a duniya za su sha wahala, sai dai su yi ƙarfin hali, gama ya yi nasara da duniya (Yahaya 16:33). Wanda aka gaya masa wannan tun ranar da ya ba da gaskiya, wahala za ta yi masa ciwo, amma ba za ta zo masa a matsayin cin amana ba.

A lura kuma, Iblis ma ya iya jawo aya. A Urushalima ya karanta wa Yesu Zabura 91 don ya sa shi ya diro daga kan Haikali (Matiyu 4:5-7). Ba duk wanda ya ɗora maka aya a hannu ne ya ba ka alkawarin Allah ba. Karanta abin da ke gabanta da abin da ke bayanta, ka tambaya: wa aka faɗa wa, a wane hali, da wane sharaɗi?

Amma Irmiya 29:11 ta ce Allah yana da shirin alheri domina. Ban gan shi ba.

Ayar gaskiya ce, ta ma fi yadda muke ɗaukarta zurfi. Tana cikin wasiƙar da Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga mutanen da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. A lokacin akwai wani annabi mai suna Hananiya da ke shelar cewa cikin shekara 2 Allah zai karya karkiyar Babila, kowa ya dawo gida. Wa ba zai so jin wannan ba? Amma ƙarya ce, Hananiya kuwa bai ga ƙarshen shekarar ba (Irmiya 28).

Abin da Allah ya faɗa ta bakin Irmiya shi ne shekara 70. Aya ta 10 ce ta faɗi haka, dab da ayar da muke haddacewa. Yawancin manyan da suka saurari wasiƙar sun san a Babila za a binne su. Allah ya ce musu su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su bauta, su kuma yi masa addu'a. Bayan wannan ne ya ce ya san shirin da yake da shi dominsu, na alheri ba na masifa ba.

Ya kuwa cika. Babila ta faɗa hannun Sairus sarkin Farisa a shekara ta 539, ya ba da izini Yahudawa suka koma suka sāke gina Haikali. Saboda haka ka riƙe ayar, amma ka riƙe ta dukanta: Allah wanda nufinsa alheri ne ga mutanensa, wanda lokacinsa ya fi namu tsawo, wanda kuma yake so a rayu sosai a inda ake, ba a zauna da kaya a ɗaure ana jiran gobe ba.

Na yi shekaru ina jira. Har yaushe?

Ba wanda zai faɗa maka rana, duk wanda ya yanka maka rana kuwa ka yi hattara da shi. Littafi bai raina zafin jira ba. Karin Magana 13:12 ta ce begen da aka jinkirta yakan sa zuciya ta yi ciwo.

Ibrahim yana da shekara 75 sa'ad da ya bar Haran da alkawari a hannu, yana da 100 aka haifi Ishaku. Shekara 25 ke nan, kuma ba a cikin natsuwa ya yi su duka ba. Shi da Saratu sun gaji har suka nemi tasu dabarar ta wurin Hajaratu, abin da ya jawo wa gidan baƙin ciki mai yawa. Da aka sāke jaddada alkawarin, Ibrahim ya yi dariya, Saratu ma ta yi. Duk da haka Romawa 4 ta kira shi wanda ya ba da gaskiya sa'ad da ba sauran dalilin sa zuciya. Wannan yana sanyaya mini rai ƙwarai: Allah bai auna Ibrahim da ranakun da ya yi rauni ba, alkawarin kuma bai rataya ga ƙarfin riƙonsa ba.

Yusufu yana da shekara 17 sa'ad da labarinsa ya fara, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna. A tsakani akwai rami, da bauta, da ƙazafi, da kurkuku, har da shekara 2 cur da mai shayarwar sarki ya manta da shi. A cikin waɗannan surori marubucin yana ta maimaita cewa Ubangiji yana tare da Yusufu, yana kuwa faɗin haka ne a gidan bauta da cikin kurkuku. Sai daga baya Yusufu ya iya ce wa 'yan'uwansa sun nufe shi da mugunta, Allah kuwa ya nufe shi da alheri (Farawa 50:20). Bai ce abin da suka yi ba mugunta ba ne. Haka ma Romawa 8:28 ba ta ce kowane abu mai kyau ne ba, ta ce Allah yana aiki cikin kowane abu domin amfanin masu ƙaunarsa, aya ta 29 kuma ta bayyana amfanin: su zama da kamannin Ɗansa.

In kuma na mutu ban samu ba fa?

Zai iya yiwuwa, ba zan ruɗe ka ba. Ibraniyawa 11 ta lissafa waɗanda suka ci mulkoki suka rufe bakin zakoki, ta kuma lissafa waɗanda aka jajjefe, aka kashe da takobi, suka yi yawo cikin rashi. Dukansu an yaba bangaskiyarsu, dukansu kuma ba su karɓi cikar alkawarin a nan ba, daga nesa suka hango shi suka yi masa maraba. Shadrak, Meshak da Abednego sun ce wa sarki Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderun wuta, amma ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba (Daniyel 3:17-18). Bulus ya ce in a wannan rai kaɗai muke sa zuciya ga Almasihu, mun fi kowa zama abin tausayi. Kabari ba shi ne wurin da ake rufe lissafin alkawuran Allah ba.

Ya halatta in yi wa Allah kuka da ƙorafi?

Ƙwarai kuwa. Shi ne ma ya ba mu kalmomin. A Zabura 13 Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe" sau 4 cikin ayoyi biyu na farko. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba ko layi ɗaya na murna a ƙarshenta, amma Ruhu Mai Tsarki ya bar ta cikin littafin waƙoƙin mutanen Allah. Ubangijinmu kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, a Getsamani ya ce ransa yana baƙin ciki har ya kai ga mutuwa, a kan gicciye kuma ya ɗauki kalmomin farko na Zabura 22.

Gunagunin da Allah ya hukunta a jeji shi ne na Isra'ilawan da suka juya masa baya suna neman komawa Masar. Mai zabura kuwa yana kai ƙarar ne wurin Allah kansa. Dubi Makoki sura 3: marubucin yana zaune cikin kangon Urushalima, ya ce ƙarfinsa da begensa sun ƙare, sa'an nan ya tuna da abu guda, cewa jinƙan Ubangiji ba ya ƙarewa, sabo ne kowace safiya. Ayoyin nan masu daɗi daga cikin toka suka fito. Kada ka yi tsalle ka wuce ayoyi 20 na kuka don ka isa gare su.

An ce mini zunubina ne, ko ƙarancin bangaskiyata, ya hana ni samu.

Wannan magana ta raunata mutane da yawa, tana kuma ɓata mini rai. In akwai zunubin da ka sani, ka tuba, ƙofar gafara a buɗe take. Amma ba kowace wahala ce hukunci ba. Abokan Ayuba sun nace cewa lalle ya yi wani laifi, a ƙarshe Allah ya ce fushinsa ya yi ƙuna a kansu don ba su faɗi gaskiya game da shi ba (Ayuba 42:7). Da almajirai suka tambaya ko zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba (Yahaya 9:3). Bulus ya roƙa sau 3 a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya? Mahaifin nan da ya kawo wa Yesu ɗansa marar lafiya, ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa, bai koma gida hannu wofi ba (Markus 9:24).

Me ya sa marasa tsoron Allah ke ci gaba, ni kuwa ina baya?

Asaf ya riga ka yin wannan tambaya a Zabura 73, ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame. Bai sami sauƙi ba sai da ya shiga wuri mai tsarki na Allah ya ga ƙarshensu. Karanta ta gaba ɗaya, a hankali, har ka kai aya ta 26.

Na kasa addu'a. Ko Littafin ma in na buɗe ba na gane komai.

Kada ka ƙara wa kanka nauyin laifi. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, amma Ruhu kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba sa furtuwa. Yesu ma yana dama ga Allah yana roƙo dominmu (8:34). Ɗauki zabura guda, 42 ko 130, ka karanta ta da murya ko da zuciyarka ba ta bi ba. Ka yi addu'ar da Ubangiji ya koyar. Ka kuma je sujada ko da ba za ka iya buɗe baki ka yi waƙa ba, ka zauna ka bar 'yan'uwa su yi a madadinka. Ibraniyawa 10:23-25 ta haɗa riƙe bege da rashin barin taruwa a wuri guda, ba kuwa a banza ba: mai karaya yakan so ya janye jiki, kaɗaici kuma yakan ƙara masa duhu.

Akwai kuma aikin hannu. Sojojin Babila suna kewaye da Urushalima, Irmiya yana tsare, Allah ya ce masa ya sayi gonar ɗan'uwansa Hanamel a Anatot. Ya auna shekel 17 na azurfa, ya sa hannu gaban shaidu, ya sa a ajiye takardun cikin tukunyar ƙasa don su daɗe, gama Allah ya ce za a sāke sayen gidaje da gonaki a ƙasar (Irmiya 32). Haka bege yake aiki. Tashi ka yi abin da ke gabanka yau, ka sāke neman aikin, ka sha maganin, ka kula da yaran, ka gaishe da wanda ya fi ka shiga matsala.

Zuwa wurin likita saboda baƙin ciki rashin bangaskiya ne?

Ko kaɗan. Kafin Allah ya yi wa Iliya wata magana, ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika ya ba shi abinci da ruwa har sau biyu. Daga baya ya gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma ba shi Elisha abokin tafiya. Ya kula da jikinsa, da tunaninsa, da kaɗaicinsa. In baƙin cikin ya yi makonni bai ɗaga ba, barci da cin abinci sun rikice, abin da kake so dā ya daina yi maka daɗi, je ka ga likita, ka ci gaba da addu'a. In kuwa tunanin kashe kanka yana zo maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Faɗa wa wani a yau, fasto, ko ɗan'uwa, ko ma'aikacin lafiya, ka bari su zauna tare da kai har a sami taimako.

Ni ba ni ne na karaya ba, wani nawa ne. Yaya zan taimake shi?

Fara da zuwa. Abu mafi kyau da abokan Ayuba suka yi shi ne zaman da suka yi da shi a ƙasa kwana 7 ba wanda ya ce uffan, matsala ta fara ne da suka buɗe baki suna bayani. Romawa 12:15 ta ce a yi kuka tare da masu kuka. Kada ka yi saurin jefa masa Romawa 8:28 a ranar jana'iza. Ayar gaskiya ce, amma yana bukatar kafaɗarka kafin wa'azinka.

Dubi yadda Yesu ya yi da almajirai biyun nan a hanyar Imuwasu, waɗanda suka ce dā sun sa zuciya shi ne zai fanshi Isra'ila. Ya bi su a hanya, ya tambaye su, ya bar su suka zazzage abin da ke ransu, sa'an nan ya buɗe musu Littattafai (Luka 24:13-27). Kai ma ka saurara tukuna. Kada ka yi masa alkawarin abin da Allah bai yi ba, kamar "nan da wata guda za ka ga canji". Tambaye shi abin da yake bukata, ka ɗauke masa wani aiki, ka raka shi asibiti in ya kama, ka yi addu'a tare da shi a taƙaice. Bayan mako biyu ko uku, sa'ad da masu zuwa gaisuwa suka ɗauke ƙafa, ka koma.